Sarki Buhari na Haɗejia bai taɓa yaƙar Turawa ba: dogon zare

1/ Jama'a ku matso. Shekaranjiya da daddare, a teburin mai shayi a nan Kaugama, saura ƙiris musu ya koma faɗa. Ba kan ƙwallo ba, ba kan siyasa ba. Kan Sarkin Haɗejia Buhari ne. Don Allah ba Buharin Daura ba, wannan na ƙarni na 19 ne. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ƙanen wani abokina ne ya kunna irin littattafan nan da ake karantawa a YouTube. Ba zan faɗi sunan littafin ko na marubucin ba, ba tonon silili na zo yi ba. A ciki wai Buhari ya tsaya a ƙofar birni, Turawa suna ta sakin bindiga mai ruwa, harsashi yana zama ruwa a jikinsa, ya kore su har bakin kogi.

3/ Na ce masa labarin ya yi daɗi, amma Buhari bai taɓa haɗuwa da sojan Turawa ba. Yaron nan ya miƙe tsaye. "Haba Yaya! A littafi fa aka rubuta. Kuma tun a farko mai karatun ya ce labari ne da ya faru da gaske." Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin wannan zaren.

4/ Mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Buhari ya rasu a 1863. Yaƙin Haɗejia da Turawa an yi shi ranar 25 ga Afrilu, 1906. Shekara 43 ke nan tsakani. Ranar da Buhari ya bar duniya, Lugga yana ɗan shekara biyar a gaban iyayensa. Ita kanta bindiga mai ruwan, wadda ake kira Maxim, sai a 1884 aka ƙirƙiro ta.

5/ A 1863 ɗin nan, Ingila shekararta biyu kacal da mallake Ikko. Sai ranar 1 ga Janairu, 1900 aka ɗaga tutarta a Lokoja aka ce Arewa ta shiga ƙarƙashinta. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. To wane Baturen Buhari zai kora zuwa bakin kogi?

6/ Abin da marubucin ya yi shi ne ya ɗauki sarakuna biyu ya dama su a ƙwarya ɗaya. Akwai Buhari ɗan Sambo, akwai Muhammadu ɗan Haru, wanda muke kira Mai Shahada. Gida ɗaya ne, Buhari baffan Muhammadu ne. Amma zamaninsu daban, abokan gabarsu daban, kuma abin da kowannensu ya mutu a kai daban.

7/ Bari mu koma baya kaɗan. Kafin jihadi, wannan yankin ƙananan sarautu ne: Auyo, Haɗejia, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, suna bin Barno. Garun Gabas ɗin nan ta ƙasar Malam Madori, maƙwabtanmu, ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai. Da yawanmu mun haddace sunan Biram a firamare ba mu san a bayan gidanmu take ba.

8/ Da jihadi ya zo, gidan Fulanin su Umaru da Sambo suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu. Sambo ne ya daɗe a kan mulki, daga wajen 1808 har 1845, shi ya kafa masarautar da ƙafafunta. Bayansa 'ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, suka yi sarauta a jere, kowanne bai jima ba ya rasu. A 1848 Buhari ya hau.

9/ Riwayoyin baka suna cewa tsohon ya fi son wani ɗan nasa, Ahmadu, ya gaje shi. Ku lura da kalmar da na yi amfani da ita: riwaya. Abin da dattawa suka ji daga nasu dattawan ne. Tana da daraja, amma matsayinta daban da na takardar da aka rubuta a ranar da abin ya faru.

10/ Buhari bai daɗe da hawa ba aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa kuma wanda ake ganin zai iya ja da shi, da umarninsa. Magana ta kai Sakkwato. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo. Eh, ɗan Nana Asma'u. Aka tuɓe Buhari a 1850, aka naɗa Ahmadu.

11/ Nan ne labarin ya fi kowane nobel. Buhari bai tafi ya zauna yana jan carbi ba. Ya fita ya tara mayaƙa, ya sami goyon baya daga ɓangaren Barno, wadda dama tana neman hanyar da za ta rage wa Sakkwato ƙarfi a iyakarta. A 1851 ya dawo ya ƙwace birnin. Aka kashe Ahmadu. Ɗan ubansa fa.

12/ Sakkwato ba ta haƙura ba. Aka haɗa babbar runduna daga masarautu da dama, Waziri yana jagora, mayaƙan Kano suna ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Aka gwabza a Kafur, can wajen Auyo, wajen 1853. Buhari ya tarwatsa su. Shi ne Gamon Kafur da kuke ji.

13/ Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Masarauta ɗaya, ba ma cikin manya ba, ta karya rundunar da aka haɗo da sunan Sarkin Musulmi. Daga nan har ya rasu, shekara goma, Haɗejia ba ta bin Sakkwato. Wallahi ko ba a ƙara gishiri ba wannan ya isa fim mai dogon zango. Me ya kai mutum aro Turawa daga 1906?

14/ Ya rasu a 1863 a yaƙin Gogaram, babban birnin Bade a lokacin, a jihar Yobe ta yanzu. Ɗansa Umaru ya hau na ɗan lokaci, sannan Haru ɗan Sambo daga 1865 zuwa 1885, aka kuma daidaita da Sakkwato. Sai Muhammadu ɗan Haru, daga 1885 zuwa 1906.

15/ Ta yaya muka san waɗannan? Tambaya mai kyau, kuma ita ya kamata yaron nan ya yi mini maimakon ya miƙe tsaye. Akwai wani Bajamushe, Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim. Ya bar Kano a watan Maris na 1851 zai je Kukawa, ya bi ta Gumel. Wato ya ratsa nan arewa da mu, daidai lokacin da Buhari ke shirin komawa gadonsa.

16/ Barth ya rubuta labarin tuɓaɓɓen sarkin Haɗejia da ke tara mayaƙa, da yadda ya ci birnin ya kashe ɗan'uwansa, da irin ɓarnar da hare-harensa suka yi a ƙasar Kano. Ya sake bin wannan hanya a ƙarshen 1854. Littafinsa ya fito a 1857 zuwa 1858, Buhari yana raye yana mulki. Wannan shaidar ɗan zamani ce.

17/ Amma ko shi Barth ba wahayi aka yi masa ba. Bai shiga Haɗejia ba, bai zauna da Buhari ba. Abin da ya ji a bakin fatake da mutanen Kano da Gumel da Barno ya rubuta. In kana son labarin mutum ka tambayi waɗanda ya kai wa hari kawai, ka san irin amsar da za ka samu.

18/ Haka ma waɗanda suka rubuta daga ɓangaren Sakkwato: a wurinsu ɗan tawaye ne, shi ke nan. Su kuma jami'an mulkin mallaka da suka tattara tarihin masarautu daga baya, labarin yaƙe-yaƙe da kamen bayi yana yi musu daɗi, don yana nuna wai su suka kawo zaman lafiya. Kowa da inda ya tsaya yake hangen abin.

19/ Shi ya sa aikin Victor Low yake da amfani. Ya zauna da dattawa a Gombe da Katagum da Haɗejia ya tattara tarihin baka, ya buga a 1972. Masanin tarihi yana jera waɗannan duka, na Barth, na Sakkwato, na fada, na ƙauye, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Sun saɓa a shekarar wani yaƙi, sun saɓa a dalilai. Amma babu ɗaya, ko ɗaya, da ya haɗa Buhari da sojan Ingila.

20/ To yanzu 1906, hakkin wanda aka danne. Bayan faɗuwar Kano, Haɗejia ba ta yi yaƙi nan take ba. An yi shekara uku ana zaman doya da manja. Sai ga Satiru a Fabrairun 1906, inda talakawa kusa da Sakkwato suka kashe Turawa uku. Hankalin Lugga ya tashi, ya ƙudura cewa ba zai bar wata masarauta tana ɗaga kai ba.

21/ Aka turo runduna ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Aka aika manzo da sharuɗɗan miƙa wuya, aka mare shi aka kore shi. Ranar 25 ga Afrilu aka shiga birnin, aka yi sa'o'i ana faɗa a lunguna har zuwa fada. Masu dawaki da masu da takubba a gaban bindiga mai ruwa. Sarki Muhammadu ya faɗi a nan, shi da wasu 'ya'yansa da manyan mayaƙansa.

22/ Harsashi bai zama ruwa ba ranar nan. Ya shiga jikin mutane, sun kuma san zai shiga, sun ji abin da ya faru a Kano da Sakkwato da Burmi shekara uku da suka wuce. Duk da haka suka fito. Ni a wurina wannan ya fi ƙarfin labarin wanda harsashi ba ya kama shi. In ba ka jin tsoron mutuwa don ka san ba za ka mutu ba, ina jarumtar take?

23/ Kada wani ya juya mini magana, ba musun laƙani ko maganin ƙarfe na zo yi ba, wannan ku je ku ƙarata da malamanku. Abin da nake cewa shi ne littafin ya cire Mai Shahada daga ranar da ya ba da ransa, ya sa baffansa da ya yi shekara 43 a kabari, sannan ya mai da shan kashi ya zama nasara. Yaro ya tashi bai san sunan wanda ya mutu ba.

24/ Akwai ɓarna ta biyu, kuma ita ta fi shafar mu mutanen karkara. A teburin nan akwai wani dattijo da ya yi shiru tun farko. Da musu ya yi zafi sai ya ce, "Yara, ku bi a hankali. Kakannina daga ƙasar Ringim suka taso. Abin da aka ba mu labari, in an hango ƙurar dawakin Haɗejia, daji ake shiga."

25/ Wuri ya yi tsit. Na ce, "Baba, to a wurinku shi mene ne?" Ya yi dariya ya ce, "Sarki ne mana. Jarumi ne. Amma ba jarumin kakata ba." Ya ɗauki shayinsa ya ci gaba da sha.

26/ Kaugama tana gefen yamma na masarautar, ta fuskar Gumel da tsohuwar ƙasar Kano. A irin garuruwanmu za ka sami jikan wanda ya hau doki ya kai hari da jikan wanda aka kai wa harin suna sahu ɗaya a masallaci, sun ma yi auratayya. Yaƙin wancan zamani ganimarsa hatsi ce da dabbobi da mutane. Mutane, jama'a. Ana kama su a sayar.

27/ In ka mai da Buhari mai yaƙi da mulkin mallaka, ka wanke duk wannan da sabulu ɗaya. Babu Nalara, babu Ahmadu, babu ƙauyukan da aka tasa. Ni ɗan masarautar Haɗejia ne, ina jin wani abu a ƙirjina in an ambaci Gamon Kafur, ba zan ɓoye ba. Amma alfaharin da sai an share rabin labari yake tsayawa, ba na so.

28/ Na san abin da wasu za su rubuto: "Malam, ai ƙagaggen labari ne, nishaɗi ne, ka bar mutane su huta." Na yarda da rabin maganar. Marubuci yana da dama mai faɗi. Ya ƙago hirar da Buhari ya yi da uwarsa daren da zai koma Haɗejia. Ya ƙago budurwa, ya ƙago bawan da ya ci amana, ya ba dokin suna. Ba wanda ya rubuta waɗannan, fili ne a buɗe.

29/ Kuma haɗa tarihi da ƙage ba yau aka fara ba a adabinmu. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam. Ya fara da yaƙin Kwantagora da Turawa, abin da ya faru da gaske, sannan ya ɗauki gwarzonsa ya kai shi duniyar aljanu.

30/ Bambancin shi ne mai karatun Ganɗoki yana ganin inda aka sauka daga tarihi aka hau tatsuniya. Ba wanda ya gama littafin ya je yana rantsuwa cewa mutumin Kwantagora ya yaƙi aljanu. Shi kuwa namu na YouTube da bakinsa ya ce "ya faru da gaske". Da ka faɗi haka ka shigo gonar masu tarihi, dole a tambaye ka shekara da hujja.

31/ Kun tuna hayaniyar da aka yi da fim ɗin Amina ya fito a Netflix a 2021? Aka yi ta faɗa kan sutura da harshe da yadda aka nuna Zazzau. Wasu ƙorafe-ƙorafen suna da tushe. Amma lamarin Amina daban ne: su kansu masana ba su daidaita kan ƙarnin da ta rayu ba. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, ƙarni na 15, wasu kuma sun kai ta na 16.

32/ Inda hujja ta yi ƙaranci haka, mai fim yana da wurin wasa, kuma mai sukarsa ma ya rage murya. Na ga masu cewa "ba haka Amina take ba" kamar sun yi zaman ajo da ita. Irinsa ne labarin maharbi Haɗe da matarsa Jiya da aka ce daga sunansu aka sami Haɗejia: riwaya ce, mai labari ya yi yadda ya so da ita, ba zan ce uffan ba.

33/ Buhari kuwa ba a cikin hazo yake ba. Akwai jerin sarakuna da shekarunsu, akwai ɗan zamaninsa da ya rubuta, akwai jikokin jikokinsa da ransu a cikin birni. Na 1906 ma har rahoton su Lugga yana nan. Mu daina auna su da mudu ɗaya da Bayajida.

34/ Abin da ya sa na damu: an yi shekaru sama da goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, kafin a dawo da shi. Yaron da muka yi musu da shi a cikin wannan giɓin ya yi karatu. Bai taɓa jin sunan Kafur a aji ba, alhali da mashin zai je ya dawo kafin azahar. Wayarsa ce malamar tarihinsa.

35/ Don haka ban ga laifinsa ba. Ko marubucin ma ban ɗauka mugunta ce ba. Ina zaton ya ji "Sarkin Haɗejia jarumi" a wani wuri, ya ji "Haɗejia ta yaƙi Turawa" a wani wurin, ya ɗinke. Minti goma na tambaya a wurin kowane dattijo a ƙofar fada da ya raba masa su.

36/ Marubutanmu, ga kaya nan a zube. Wa da ƙane a kan gado ɗaya. Wazirin Sakkwato, ɗan Nana Asma'u, yana komawa gida da labarin an karya shi. Barno tana zuga wuta daga gefe. Wani Bature shi kaɗai a kan doki yana ratsa Gumel yana rubutu a ɗan littafi. Yarinyar da aka kamo daga ƙauye ta tsufa a birnin waɗanda suka kamo ta. Wa ya rubuta mana labarinta?

37/ In kuma dole sai Buhari ya kori Turawa, to a rubuta, ba a hana ba. A ce a farko: wannan mafarki ne, da a ce ya kai 1906. Zan saurara har ƙarshe, zan ma tura wa wasu.

38/ Shi dai yaron bai sauka gaba ɗaya ba. Da zan tafi ya ce, "Yaya, na ji ta shekarun. Amma kashi na goma sha biyu zai fito ranar Juma'a, kuma sai na ji." Na ce ya ji mana, ni ma ya turo mini. Mun yi da shi ranar Lahadi zan ɗauke shi a mashin mu je Kafur, shi zai sa mai.

39/ Mutanen Bade da ke bibiyata, musamman 'yan Gashuwa: yaya dattawanku suke ba da labarin ranar Gogaram? Mu nan ta bakinmu kawai muka sani. Ku ajiye mini a ƙasa, ku faɗi wanda ya ba ku labarin da garinsu.